Sawakin: Tsibirin da Alhazan Ƙasa Suka Sani

Duk wanda ya taɓa zama da tsofaffin alhazan da suka tafi Makka ta ƙasa, da wuya a ce bai ji sunan Sawakin ba. A nan ne tafiyar ƙafa ta shekara da shekaru take ƙarewa, a shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. To, amma kaɗan ne daga cikinmu ɗalibai suka san cewa garin nan tsibiri ne, ɗan kewayayye, a gaɓar Bahar Maliya ta ƙasar Sudan, kimanin kilomita 60 kudu da Bur Sudan.

Garin tsoho ne ƙwarai, domin Ibn Baɗuɗa ya ratsa ta cikinsa a ƙarni na 14. Turkawan Usmaniyya suka mallake shi a ƙarni na 16, sannan a 1865 ya koma hannun Masar. A ƙarshen shekarun 1870 ne Gwamna Godon ya sa aka yi hanyar da ta haɗa tsibirin da tudu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin baƙo shi ne gine-ginen. Da dutsen murjani aka yi su, wato wanda ake haƙowa daga teku, a sassaƙa, a shafe da farar ƙasa. Wasu gidajen hawa uku ne, da tagogin katako masu ado da suka turo kan titi, waɗanda ake kira rawashin, inda mata kan sha iska ba tare da an gan su ba. Sai dai murjani yana da sharaɗi: in aka daina yi masa yaɓe, gishiri da laima sai su cinye shi. Abin da ya faru ke nan. Da Ingilishi suka ga manyan jiragen ruwa ba sa iya shiga mashigar Sawakin saboda ƙuncinta, sai suka fara gina Bur Sudan a 1905, aka buɗe ta a 1909. Fatake suka kwashe, gidaje suka shiga rushewa ɗaya bayan ɗaya. A ganina ba yaƙi ne ya ci Sawakin ba, ƙaura ce ta ci ta, alhali kuwa ta ga yaƙi: Usman Digna, sarkin yaƙin Mahadi, ya tsare ta da mayaƙan Hadandawa a shekarun 1880, har Kicina, wanda ya zama gwamna a nan a 1886, ya sami rauni a muƙamuƙi a 1888. Ƙofar ganuwar da ake kira da sunansa tana ɓangaren tudu.

Cikin abin da ya tsira akwai masallatan Hanafi da Shafi'i, waɗanda Turkiyya ta gyara, kuma a 2017 shugabanta Erdogan ya ziyarci tsibirin.

Wanda ya nufi arewa zai tarar da Sanganeb, tudun murjani a tsakiyar teku mai hasumiyar haska wa jirage, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2016. Ta bayan garin kuwa duwatsun Arkawit ne, inda Turawan mulki kan je shan iska lokacin zafi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023 masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, tashar Sawakin ta zama ɗaya daga cikin hanyoyin da masu gudun hijira suka bi zuwa Jidda.