Maƙiyi a Waje ko a Zuci? Sufayen Masar da Tambayar Kariya daga Shaiɗan

A majami'u da dama na Arewacin Najeriya, idan aka ce kariya daga harin Shaiɗan, abin da ke zuwa a rai shi ne addu'ar dare, azumin kwana uku, da kwalbar man zaitun da fasto ya yi wa addu'a, a shafa a goshi da ƙofar ɗaki. Wannan salo ya ƙara ƙarfi da bunƙasar ikkilisiyoyin Fentikos, irin su Mountain of Fire and Miracles da Daniel Olukoya ya kafa a Legas a 1989. Ya kuma tarar da ƙasa a jiƙe, domin tsoron sammu da maita ya girmi zuwan mishan. Ra'ayina shi ne wannan fahimta ta ɗora nauyi a inda bai kamata ba, kuma tsohuwar koyarwar Kirista da ta tsiro a Afirka ta fi ta zurfi.

Sufayen hamadar Masar na ƙarni na 4 ba su taɓa shakkar samuwar aljanu ba. Tarihin ɗaya daga cikinsu, Antoni, wanda ya rasu a 356, da Atanasiyus na Iskandariya ya rubuta, cike yake da arangama da su. Amma wanda ya tsara ilimin wannan yaƙi shi ne Ebagiriyus, mutumin Fontus, da ya zauna a Nitiriya sannan Keliya har rasuwarsa a 399. A ganinsa, makamin aljan tunani ne. Ya lissafa guda 8: haɗama, sha'awa, son dukiya, baƙin ciki, fushi, kasalar ruhu, son yabo da girman kai. Almajirinsa Yohanna Kasiyan ya kai wannan koyarwa Turai, daga baya Fafaroma Giregori na Ɗaya ya mayar da su 7.

Bayaninsa kan kasalar ruhu ya cancanci a tsaya a kai. Ya ce tana kama sufi ne da tsakar rana. Sai ya ga kamar rana ta ƙi motsi, ya riƙa leƙa taga, ya fita ya duba ko lokacin cin abinci ya ƙarato, ya waiga ko wani zai zo. Daga nan sai ya tsani ɗakinsa da aikin hannunsa, ya fara cewa a ransa 'yan'uwa ba su da ƙauna, gara ya koma wani wuri. Babu ƙaho, babu mujiya a kan rufi. Mutum ne kawai da zuciyarsa, amma Ebagiriyus ya ɗauki wannan a matsayin hari mafi nauyi. Duk wanda ya ga mai bi yana canza majami'a shekara bayan shekara yana neman inda wuta ta fi ci, zai gane hoton.

Maganin da suka bayar ba shi da ado. Zuwan tunani ba ya hannunka, in ji Ebagiriyus, amma barinsa ya zauna yana hannunka. Don haka ya tattara ayoyi kusan 500, kowace da tunanin da take amsa wa, yana koyi da Yesu, wanda a Matiyu sura 4 ya mayar wa Iblis martani sau uku daga Maimaitawar Shari'a. Sai karanta Zabura, da saƙa igiya da kwando daga kaba don kada hannu ya zauna banza, da kuma faɗa wa dattijo abin da ke cikin rai tun bai yi jijiya ba. Wannan na ƙarshe ya fi wuya a wurinmu, inda kunya ke sa mutum ya gwammace a ce an yi masa asiri da ya furta cewa kwaɗayi ne ya kai shi.

Za a iya cewa sufi ba shi da iyali, bai san ɓarin ciki sau uku ko karayar jari ba, kuma mace da ke cikin irin wannan hali tana bukatar wanda zai tsaya da ita ya yi addu'a da ƙarfi. Gaskiya ne, kuma ban ga laifin addu'ar dare ba. Matsalar tana farawa ne sa'ad da harin ya sami suna: kishiyar uwa, gwaggo, tsohuwar da ke ƙarshen unguwa. A Akwa Ibom zargin yara da maita ya yi munin da jihar ta haramta shi a dokar kare haƙƙin yara ta 2008. Nan ne sufayen suka sha bamban da mu. Ebagiriyus ya koyar cewa an ba ɗan'adam fushi don ya yaƙi aljanu, kuma babbar dabararsu ita ce su karkatar da fushin nan kan mutane. Afisawa sura 6, wadda masu addu'ar yaƙi suka fi karantawa, ita ma ta cire ɗan'adam daga jerin abokan gaba, kayan yaƙin da ta ambata kuwa gaskiya ne da adalci da bangaskiya da Maganar Allah. Wasiƙar Yaƙub ta ƙara da cewa sha'awar mutum ce ke jan sa zuwa jaraba.

Bisa wannan ma'auni, wanda ya fito daga addu'ar dare yana ƙin gaida gwaggonsa ya faɗa cikin na biyar a jerin Ebagiriyus, kuma faston da ya nuna masa ita da yatsa yana da hannu a faɗuwar.