BABI NA UKU: TARIHIN SHIGA KARATUN LIKITA A KANO DA MATSAYIN 'YA'YAN KUMBOTSO

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka jawo ma'aikata daga sassa daban-daban, har garuruwa irin su Fanshekara da ke cikin Ƙaramar Hukumar Kumbotso suka cika da jama'a. Wannan babi zai duba hanyar da ɗan ma'aikacin wannan yanki zai bi kafin ya zama likita. Za a nuna cewa matsalar farko ita ce rashin makarantar kanta, amma daga bisani ta koma ƙarancin gurbi, kuma wannan ƙaranci shi ne ya haifi makin shiga, wato mafi ƙarancin makin da jami'a za ta karɓa daga mai neman karatun.

3.1 Kafin Samuwar Makarantar Likita a Kano

A zamanin mulkin Turawa ba a horar da cikakken likita a Arewa. A shekarar 1930 aka buɗe makarantar likita ta Yaba a Legas, amma mataimakan likitoci kawai take yayewa, kuma shaidarta ba ta aiki a wajen Nijeriya. Duk mai son cikakken digiri sai ya tafi ƙasar waje. Ta wannan hanya ce Dokta Barau Dikko, wanda ya yi karatu a Jami'ar Birmingham, ya zama likita na farko daga Arewa. Da aka kafa Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, sai aka mayar da karatun Yaba can.

A tsakiyar shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe tata makarantar a Kano domin horar da mataimakan likitoci, sai dai ba ta yi tsawon rai ba. Sai a 1967 aka fara karatun likita a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kano. A wannan lokaci ba a cika maganar tsananin gasa ba, domin ɗaliban Arewa da suka ci darussan kimiyya a sakandare ba su da yawa. Wato dai gurbi yana neman ɗalibi ne.

3.2 Makarantun Kimiyya da Tsangayar Likita ta Bayero

Ganin wannan giɓi ne ya sa gwamnatin Kano ta kafa makarantun sakandare na kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977. Ana zaɓen ɗalibansu ta hanyar jarrabawa daga sauran makarantu, a ba su wurin kwana da ɗakunan gwaji da malamai na musamman. Da yawa daga cikin likitocin Kano da Jigawa a nan suka samu tushe. Dawakin Kudu maƙwabciyar Kumbotso ce, saboda haka ga yaron Fanshekara da ya ci jarrabawar zaɓe, ƙofar ba ta da nisa.

A shekarar 1977 ɗin ce kuma Bayero ta zama cikakkiyar jami'a, sannan a tsakiyar shekarun 1980 ta buɗe tsangayar koyon aikin likita. A 1988 aka kafa asibitin koyarwa wanda ake kira Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ya fara aiki na wucin gadi a Asibitin Murtala Muhammad, kafin ya koma mazauninsa na Titin Zariya a 1996.

Abin lura a nan shi ne, buɗe wannan tsangaya ya zo daidai da shirin tsuke bakin aljihu na 1986. Darajar naira ta faɗi, kayan da masana'antu ke shigowa da su suka yi tsada, wutar lantarki ta yi ƙaranci, masaƙu da kamfanoni da dama suka rage ma'aikata ko suka rufe. Ke nan a daidai lokacin da makarantar likita ta zo gida, a lokacin ne ƙarfin magidantan yankin masana'antu ya fara raguwa.

3.3 Hukumar JAMB da Makin Shiga

Kafin 1978 kowace jami'a ita ke shirya ɗaukar ɗalibanta. A wannan shekara aka kafa hukumar JAMB domin a riƙa yin jarrabawa ɗaya. Mai neman karatun likita yana rubuta darussa 4, wato Ingilishi da Bayoloji da Kemistiri da Fizik, jimlar maki 400. Haka kuma dole ya samu kiredit a waɗannan darussa tare da Lissafi a jarrabawar kammala sakandare. A 2005 jami'o'i suka ƙara tasu jarrabawar tantancewa, a 2015 kuma jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya.

Ya kamata a bambanta maki iri biyu, domin iyaye da yawa suna ruɗewa a kansu. Akwai makin ƙasa baki ɗaya da ake sanarwa kowace shekara, wanda alal misali ya sauka zuwa 120 a 2017. Akwai kuma makin da jami'a take yankewa ga kowane fanni. Na biyun shi ne mai tasiri, kuma na likita yakan fi na sauran fannoni nesa ba kusa ba. Dalili shi ne Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya ita ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace makaranta za ta ɗauka, bisa la'akari da malamanta da gadajen asibitinta. Idan masu nema suka ƙaru, gurbi bai ƙaru ba, dole maki ya hau. Saboda haka makin shiga ba ma'aunin wanda zai iya karatun ba ne kaɗai, ma'aunin ƙuncin ƙofa ne.

Bugu da ƙari, jami'o'in tarayya suna raba gurabensu kashi uku: kashi 45 cikin 100 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'a, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya ta fuskar ilmin boko, kuma Kano tana cikinsu. Amma wannan rabo jiha yake gani, ba unguwa ba. Ɗan leburan majema a Challawa da ɗan attajirin da ya yi makarantar kuɗi duk 'yan Kano ne a takarda, kuma gurbi ɗaya suke nema. Wanda bai taɓa shiga ɗakin gwaji ba, bai kuma saba da kwamfuta ba, an riga an yi masa nisa tun kafin ranar jarrabawa.

3.4 Karatun Bayan Digiri na Farko

Wanda ya samu shiga zai yi shekara 6 kafin ya sami digirin MBBS, sannan shekara 1 ta sanin makamar aiki a asibiti, sai hidimar ƙasa. Daga nan hanya takan rabu biyu. Ta farko ita ce horon ƙwarewa a asibitin koyarwa, ƙarƙashin Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da aka kafa a 1979, ko kuma kwalejojin Afirka ta Yamma, ɗaya ta likitocin fiɗa, ɗaya ta likitocin magani. Ana fara cin jarrabawar share fage, sannan kashi na ɗaya da na biyu, kafin a zama babban likita mai ba da shawara. Ta biyu ita ce hanyar jami'a, wato digiri na biyu da na uku a fannoni irin su lafiyar al'umma. A 2018 aka yi dokar da ta tsara horon ƙwarewa da yadda za a ɗauki nauyinsa. Akwai kuma waɗanda sukan rubuta jarrabawar Ingila ko Amurka, ko su nemi aiki a Saudiyya.

Wannan mataki ya shafi Kumbotso kai tsaye. Yankin da majemu ke zubar da ruwan sinadari zuwa Kogin Challawa, ma'aikata kuma ke shaƙar ƙura da hayaƙi, yana buƙatar ƙwararru a kan lafiyar ma'aikata da cututtukan fata da na huhu. Duk likitan da ya ƙware ya tafi waje, an yi asarar gurbin da aka hana wani yaro.

3.5 Naɗewa

Daga abin da ya gabata an ga cewa tarihin ya bi matakai uku: lokacin da babu makaranta, lokacin da ake neman ɗalibai, da lokacin da ɗalibai suka fi gurbi yawa. Darasin 1977 shi ne, ba a rage maki ba, an gyara sakandare ne har yara suka kai ga makin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A babi na gaba za a duba halin da koyar da kimiyya yake ciki a makarantun sakandaren Kumbotso.