Daga tangarahu zuwa Python: tarihin fayil ɗin rubutu da baƙaƙenmu masu ƙugiya



Watannin baya na ba wani ɗan ƙanena, wanda ya fara koyon rubuta manhaja da Python, fayil ɗin sunayen membobi domin ya ƙara mutum uku. Ya rubuta 'yan layukansa, ya danna, sai kwamfuta ta nuna masa saƙon kuskure. Da muka buɗe fayil ɗin, babu ko harafi ɗaya a ciki. Littafin rajista ne ya cece mu, muka kwana biyu muna sake bugawa. Kuskure biyu yaron ya yi: ya buɗe fayil ɗin ta hanyar da ke share abin da ke ciki, sannan sunan farko da ya so rubutawa na mutumin Ɗambatta ne, kwamfutar kuwa ta kasa rubuta Ɗ. Duka biyun suna da asali, kuma wanda ya san asalin da wuya ya faɗa ramin.

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba kawai ta sani. Fayil ɗin rubutu jerin lambobi ne, sai kuma yarjejeniya cewa lamba kaza tana nufin harafi kaza. Wannan yarjejeniya ta girmi kwamfuta. A shekarun 1870 wani Bafaranshe, Émile Baudot, ya tsara yadda za a aika haruffa ta wayar tangarahu da alamomi biyar-biyar, kowace alama ko dai a kunne take ko a kashe. Alama biyar na ba da haɗi 32 kacal. A 1901 Donald Murray, ɗan ƙasar New Zealand, ya gyara tsarin domin injin da ke buga saƙo a takarda kamar tafireta. Injin yana buƙatar umarni biyu idan layi ya ƙare: ɗaya ya mayar da kan bugun zuwa farkon layi, ɗaya ya murza takarda ta hau sama. Su ne ake kira CR da LF har yau.

A 1963 aka fitar da tsarin ASCII a Amurka. Yana amfani da alama bakwai, wato gurbi 128. A bugun farko ma babu ƙananan baƙaƙe, sai a 1967 aka saka su. A wannan tsari babban A shi ne lamba 65, ƙaramin a shi ne 97, CR ya samu 13, LF ya samu 10. An yi shi ne domin Turanci, don haka babu gurbin é na Faransanci, balle namu ƙ, ɗ da ɓ. Alhali waɗannan baƙaƙe masu ƙugiya sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke jagorantar hukumar talifi a Zariya, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939. Mun riga ASCII da shekaru masu yawa, amma babu wanda ya yi lissafi da mu a teburin.

Hanyar buɗe fayil da yaranmu ke koya yau ta fito ne daga Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Bell Labs a 1969, da kuma harshen C da Ritchie ya ƙirƙira a farkon shekarun 1970. Tsarinsu mai sauƙi ne: ka buɗe, ka karanta ko ka rubuta, ka rufe. Daga C aka gaji haruffa ukun da mai koyo ke sakawa idan zai buɗe fayil. Harafin "r" na karatu ne kawai. Harafin "a" yana ƙara rubutu a ƙarshen abin da ke ciki. Harafin "w" kuwa na sabon rubutu ne, kuma da zarar an buɗe fayil da shi, tun kafin a rubuta komai, abin da ke ciki ya tafi. Ba ya tambaya ko ka tabbata, domin ƙwararru ne suka tsara shi don amfanin kansu. Nan ɗan ƙanena ya faɗi da farko: "a" ya kamata ya saka, ya saka "w".

Rufewa ma tana da dalili. Rubutu a kan faifai yana da nawa, don haka manhaja takan tara abin da aka ba ta a ƙwaƙwalwa, sai ya yi yawa ko an rufe fayil ɗin sannan ta sauke. Idan wuta ta ɗauke kafin nan, abin da aka tara ya salwanta. Shi ya sa malaman Python ke nacewa a buɗe fayil da kalmar with, wadda ke rufe shi da kanta ko da an samu kuskure a tsakiya.

Batun ƙarshen layi kuwa, kowane gida ya ɗauki nasa. Unix ya ce LF kaɗai ya isa. MS-DOS, wanda ya fito a 1981, ya riƙe CR da LF tare kamar injin tangarahu, Windows ya gada daga gare shi. Tsofaffin kwamfutocin Apple sun zaɓi CR kaɗai, har zuwan Mac OS X a 2001. Saboda haka ne shekara da shekaru, in ka buɗe fayil ɗin da aka rubuta a Linux da Notepad, sai ka ga duk rubutun ya cure a dogon layi ɗaya. Sai a 2018 Microsoft ya gyara Notepad ya gane LF kaɗai. Python yana daidaita wannan da kansa idan an buɗe fayil a matsayin rubutu, amma alamar ƙarshen layin tana manne da kowane layi da ka karanta. Wanda ya kwatanta "Kano" da "Kano" ya ga kwamfuta ta ce ba ɗaya ba ne, sau da yawa wannan ɓoyayyiyar alamar ce.

Yanzu ga baƙaƙenmu. Da aka koma alama takwas, gurabe suka zama 256, sai kowane yanki ya cike ƙarin 128 ɗin da nasa haruffa. Yammacin Turai ya samu ISO 8859-1 a 1987, Windows kuma yana da nasa mai kama da shi, Windows-1252. A cikin biyun nan babu ƙ. Masu buga Hausa suka riƙa dabara: wasu su bar k, d, b haka nan, wasu su sa waƙafi a gefe, wasu su yi amfani da salon haruffa na musamman wanda ke wargajewa da zarar fayil ya je wata kwamfutar. Illar ba ƙarama ba ce, domin kafa daban, ƙafa daban, haka ma dauri da ɗauri.

Mafita ta zo da Unicode, wanda aka fitar a 1991 da nufin ba kowane harafi na duniya lambarsa. A cikinsa ƙ shi ne 409, ɓ 595, ɗ 599, har da ƴ da 'yan uwanmu na Nijar ke rubutawa. Saura yadda za a ajiye manyan lambobi a fayil ba tare da an lalata tsofaffin fayiloli ba. A watan Satumba na 1992 Ken Thompson ɗin nan da abokin aikinsa Rob Pike suka tsara UTF-8, a kan takardar shimfiɗar tebur a wani gidan abinci a jihar New Jersey. Haruffan ASCII suka ci gaba da zama a gurbi ɗaya kamar da, ƙ da ɗ da ɓ suka ɗauki gurbi biyu-biyu. Yau mafi yawan shafukan intanet da shi aka rubuta su.

To me ya sa har yanzu ake samun matsala? Fayil ɗin rubutu ba ya ɗauke da shaidar tsarin da aka rubuta shi. Idan an ajiye ƙ da UTF-8 aka karanta da Windows-1252, gurabensa biyu sai su fito a matsayin Æ™. Duk wanda ya taɓa ganin irin wannan shirme a takardar Hausa, dalilin ke nan. Python kuma, a kan Windows, ya daɗe yana ɗaukar tsarin da kwamfutar ta zo da shi idan ba a faɗa masa komai ba. A kwamfutar ɗan ƙanena Windows-1252 ne, babu Ɗ a ciki, sai manhajar ta tsaya, bayan "w" ya riga ya share komai.

Don haka iyaye da yayye, in kuna da yaro mai koyon wannan sana'a, ku isar masa da abu uku. Ya kwafi fayil ya ajiye gefe kafin ya gwada manhajarsa a kai. Ya duba harafin da ya saka kafin ya danna. Kuma duk lokacin da zai buɗe fayil mai Hausa, ya rubuta encoding="utf-8" a cikin umarnin, wajen karatu da wajen rubutu, sannan ya gwada da kalma irin ƙoƙari ko ɓarawo ya ga ta dawo daidai. Ɗan ƙanen nawa yanzu shi ke riƙe mana da fayil ɗin, kuma mutumin Ɗambatta yana nan a ciki da ƙugiyarsa.