Daga ƙwan gwaji zuwa valiz: yadda neman pan ya sauya a motar gazuwal

Injin gazuwal bai taso da dogaro ga kuran ba. Wanda Rudolf Diesel ya ƙera a Jamus a shekarun 1890 iska yake matsewa har ta yi zafi, a fesa mai, ya kama da kansa ba tare da tartsatsin buji ba. Pomp ɗin da kamfanin Bosch ya fara sayarwa a 1927 ma ƙarfe ne ke tura ƙarfe.

Da wannan gadon motocin bashe, da ƴan uwanmu na Najeriya ke kira a-kori-kura, suka shigo ƙasarmu: Peugeot 404 da 504, sannan Hilux da Land Cruiser 70 da ta fito a 1984, aka sa mata injin 1HZ daga 1990. A masu gazuwal cikinsu aikin kuran bai taka kara ya karya ba: bateri, demarer, alternater, bujin ɗumama inji, fitilu, da ƙaramin bawul ɗin da ke kan pomp mai buɗe hanyar mai in an murza makulli.

Shi ya sa kayan aikin mai gyaran waya na lokacin ƙwan fitila ne ɗaya da waya biyu. Na ga tsofaffin garaji a Maradi suna bin tsari guda: kan bateri tukuna, sai mas, wato wayar da ke haɗa bateri da jikin mota, sai fizibil, sai rele. Inda ƙwai ya daina kamawa, nan pan take. Direban da mota ta mace masa tsakanin Tanut da Agadas kan ja waya ɗaya daga bateri zuwa bawul ɗin pomp, a tura, ya isa gari.

Abin ya sauya da zuwan tsarin common rail, wanda ya shiga ƙananan motoci a Turai a 1997, ya bazu da Hilux D-4D ta wajen 2005. Yanzu kwamfutar mota ce ke buɗe injekter, bayan ta saurari na'urorin auna zafi, iska da juyin inji. In bateri ya yi rauni sosai, turi ba ya tayar da ita. Ƙwan gwajin da ya yi wa iyayenmu aiki kuwa yana iya ƙona kwamfutar in an soka shi a wayar da ba ta dace ba. Sai na'urar bincike, valiz a bakin ƴan garaji, ta zama dole.

Inda nake da ja shi ne yadda wasu matasa suka jefar da tsohon tsarin. Valiz layin da ya samu matsala take nunawa, ba ta cewa kayan ne ya mutu. Ƙurar hunturu, zafi da girgizar hanya har gobe mas da kawunan waya suke fara ci. Mai mota kan sayi injekter ko kwamfuta da kuɗin cinikin wata guda, alhali tsatsa ce a kan kusa ɗaya.

Kafin a cire maka wani kaya, ka nemi a auna bateri a gabanka: kusan volt 12,6 inji a kashe, wajen 14 in yana aiki. A kankare mas, a duba fizibil, sannan a jona valiz.