Kukasheka da yaƙin baki

Jama'a, kun tuna Birgediya Janar Sani Usman Kukasheka? Ya karanci aikin jarida a Jami'ar Bayero ta Kano, ya zama kakakin rundunar sojan ƙasa ta Najeriya a 2015, lokacin da Shekau ke sakin bidiyo yana cika baki, jama'a na turawa waya zuwa waya. Aikin Kukasheka shi ne ya ƙwace wannan filin. Ya yi ƙoƙari, don a zamaninsa ɗan jarida kan kira ya samu amsa, har da Hausa.

Amma a Agustan 2016 ya fitar da sanarwar cewa harin jirgin sama ya yi wa Shekau mummunan rauni. Watan Satumba sai ga mutumin a bidiyo yana ƙaryatawa. Shekau bai mutu ba sai 2021, a rikicinsa da ISWAP.

Kukasheka ya yi ritaya a Fabrairun 2019. Ni dai abin da na koya, mu da muke rubuta wa gwamnati takarda kullum: sanarwar da aka yi gaggawarta, ta gaba ce ke biyan bashin, ko da gaskiya ce.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.