Ɗan Alƙali da Ƙarshen Ganɗoki: Sake Duban Muhammadu Bello Kagara

Tsakure

An sha karanta ƙarshen littafin Ganɗoki a matsayin miƙa wuya ga Turawa. Wannan maƙala ba ta yarda ba. Abin da ke wurin hukunci ne irin na malaman fiƙihu, kuma rayuwar marubucin ta nuna haka.

Shimfiɗa

An haifi Muhammadu Bello Kagara a 1890, ɗan Malam Shehu Usman alƙalin Kagara; Bello yayan Abubakar Imam ne. Ya koyar da Larabci da addini a Kwalejin Katsina har 1945, sannan ya hau kujerar alƙalanci a Katsina, daga baya ya zama Wali. Ya rasu a 1971. Ganɗoki ya fito ne daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933.

Masu tarihin adabi kan ambaci alƙalancinsa a layi ɗaya su wuce, kamar wani aiki ne da ya tsinta bayan ya ajiye alƙalami. Nan ne muka rabu da su. Hanyar da aka bi ita ce auna littafin da muhawarar malaman Sakkwato ta 1903.

Sakamako

Ranar 15 ga Maris 1903 aka gwabza da Turawa a Giginya, a Sakkwato.  Bayanta gari ya rabu biyu. Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira, ya yi gabas har ya yi shahada a Burmi cikin Yuli. Waziri Buhari ya zauna, ya yi sulhu, ya kuma rubuta risala yana kare kansa da hujjar lalura: in shugabanni duk suka tafi, wa zai riƙe wa talakawa salla da shari'a?

Bello ya san hijira da ƙafarsa, domin yana yaro iyayensa suka bi Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse bayan faɗuwar Kwantagora a 1901. Shi ya sa bai tauye hujjar masu fita ba. Ya bar Ganɗoki ya yi yaƙi, ya yi kirari son ransa, ya bi Attahiru, ya nausa gabas da ɗansa Garba Gagare har ƙasashen aljannu. Sai da Ganɗoki, kamar mai ƙara, ya gama zuba bayaninsa kaf aka dawo da shi gida, ya tarar da zaman lafiya, ya sauko. Haka alƙali ke yi: ba ya katse mai magana, kuma ba ya yanke hukunci da zafin zuciya. Hukuncin ya faɗa ɓangaren Waziri, amma ba a kunyata Attahiru ba ko da kalma ɗaya.

Iyaka

Dole a amsa cewa hukumar mulkin mallaka ce ta buga littafin, kuma East ne edita. Wannan na iya shafar lafazin shafukan ƙarshe. Amma bai isa ya bayyana shafukan yaƙi da aka bari da zafinsu ba.