Bayanan muhalli a arewa maso yammacin Jigawa

A Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa, inda akasarin jama'a manoman damina ne, bayanin da aka fi buƙata shi ne lokacin saukar ruwa da ɗaukewarsa. Hukumar hasashen yanayi, NiMet, ke fitar da shi a farkon kowace shekara, har da fassarar Hausa. Hukumar NIHSA kuma ke bayyana yankunan da ke fuskantar ambaliya. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwanaki 7 ta amsa buƙatar ɗan ƙasa. Sai dai manomin karkara ba ya rubuta wasiƙa. Rediyo da malamin gona ne madogararsa, kuma idan suka makara, yakan shuka da ruwan farko, irin ya ƙone.